Bukkar Yaya a Tsakiyar Ruwa

Ni dai tun farko ban so zuwa ƙasar Haɗeja ba, kuma ba zan zauna da tsufana in yi wa kaina ƙarya ba. A Lokoja aka haife ni, a can na yi wayo, a can na yi aure, kuma babu abin da ya kore mu. Maigidana kafinta ne a wurin Turawan fatauci da ke bakin Kwara, ni kuma ina tuyar ƙosai inda jirage ke tsayawa, kafin hantsi ya dubi ludayi na sayar na koma gida. Muna da ɗaki mai ƙyauren katako, da gado wanda ya haɗa da hannunsa. Ran Lahadi ƙararrawa na bugawa mu tafi majami'a mu zauna cikin 'yan'uwa masu bin Almasihu, a can ma aka koya mini ɗan rubutun nan da nake yi. Haihuwa ce kaɗai Allah bai ba mu ba, ita ma mun riga mun yi haƙuri.

Shi maigidan asalinsa ɗan wani ƙauye ne a fadamar Auyo. Yana ɗan shekara tara mahara suka ɗauke shi a gonar shinkafa yana korar tsuntsu, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗo Kwara, inda mutanen majami'a suka fanshe shi suka rene shi. Bai cika maganar gida ba. Sai wata rana wani bafatake mai kanwa ya gaya masa ƙauyensu yana nan, iyayensa sun rasu, amma yayarsa tana da rai, mijinta ya mutu ya bar ta da ɗa ɗaya da 'ya ɗaya. Ran nan ya dawo gida bai taɓa tuwo ba.

Na ce masa, "Ga fatake nan za su koma. Mu aika mata da zane da goro."

Ya ce, "Zuwa da kai ya fi aike."

"To je ka gaishe ta ka dawo, ina nan."

"Ba gaisuwa za ni ba. Zama za mu yi."

Na ajiye ludayi na dube shi sosai. Na lissafa masa abin da za mu bari, na lissafa masa abin da za mu tarar, garin da babu mai bin Almasihu ko ɗaya, inda in an ga dama a kore mu, in an ga dama a yi mana abin da ya fi kora. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ke da muryarki ta fi ta kowa ran Lahadi, me kike faɗa a waƙar? Almasihu yana zaune inda babu yunwa babu sauro. Da ya ga dama da ya aiko mana da zane da goro. Amma da ƙafarsa ya zo."

Na ce, "Shi ai ba shi da gadon katako."

Ina rufe baki na ji kunyar maganar, amma ban janye ta ba, don ni ba mai janye magana ba ce. Kwana uku ban ce masa uffan ba. A na huɗu na fara ɗaure kaya, kuma kada wani ya ce bangaskiya ce ta ɗaure su. Na dai san halin mutumin, in na bar shi ya tafi shi kaɗai kafin ya kai Zariya ya kyautar da takalminsa.

Muka bi fatake wata biyu da 'yan kwanaki, ƙafafuna suka yi faso har suna jini. Da bazara muka isa, ƙasa ta tsage, gorubai tsaye babu inuwar kirki. Na ce ina kogin da ake faɗa? Ya nuna mini wani rairayi mai ɗan ruwa iya idon sawu, akuya na ƙetarewa ba ta ko ɗaga kai. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce a Kwara wannan ko wankin tukunya ba ya isa.

Yaya muka tarar a tsakar gida tana bandar kifi, doguwar mace busasshiya mai kaifin ido. Maigidana ya durƙusa ya faɗi ko shi wane ne. Sai ta zagaya bayansa ta ɗaga wandonsa ta duba bayan gwiwa, inda ƙayar kifin kurungu ta taɓa sukansa yana ƙarami. Da ta ga tabon sai ta zauna daɓas a ƙasa ta yi kukan da har maƙwabta suka cika gidan. Da ta share hawaye ta hango ni, ta ce, "Wannan fa?" Ya ce matarsa ce. Ta ce, "To. Sannu da hanya." Iyakar rabona ke nan a ranar.

Da aka kira azahar maigidana bai tashi ba, kuma kowa ya gani. Washegari liman ya aiko aka kira shi. Dattijo ne mai sanyin murya, ya tambaye shi, shi kuma bai ɓoye komai ba, ya ce hanyar Annabi Isa Almasihu muke bi, a kanta aka rene shi, a kanta zuciyarsa ta kwanta. Liman ya ce abin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan, amma maigidana ɗan garin nan ne, an sace shi ne ba shi ya tafi ba, ba kuwa za a ce gida ya ƙi ɗansa ba. Ya dai gargaɗe mu mu riƙe bakinmu in mun shiga kasuwar birni. Dagaci ya ba mu fili a gefen gari da ɗan yanki a fadama. Da mutane suka lura ba ma zuwa gona ran Lahadi, sai suka sa mana suna masu Lahadi, sunan kuma ya bi mu har yau.

Kowa ya saba da mu a hankali ban da Yaya. Ƙanenta dai ƙanenta ne, kifi mafi girma shi take aika wa. Ni kuwa a ganinta ni na juya masa kai ya bar sallah. Ba ta taɓa zagina ba, amma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai 'yar Kwara, kuma duk abin da na taɓa sai ta sake taɓa shi. In na yi shara ta nuna mini lungu, in na dama kunu ta ce a garinku ba a san tsamiya ba? A gabanta Yaya nake ce mata har da rusunawa. Abin da nake ce mata a bayan ido kuwa, Allah dai ya yafe mini.

Da ruwan farko ya sauka aka yafa shinkafa a fadama tun ƙasa ba ta gama jiƙa ba, aka ce mini gaggawa ake yi don ta yi tsayi kafin kogi ya zo. Na ce wane kogi? Ashe ruwan ƙasar nan ba daga sama kaɗai yake zuwa ba, daga yamma yake tahowa a ƙasa, shiru, ba ƙara ba igiya. Wata safiya na fito na ga inda akuya ke ƙetarewa ya zama ruwa iya ganin ido, garinmu ya koma tsibiri, shinkafa ta fito da kai kore shar a saman ruwan. Kwalekwale ɗaya ne a garin, na sarkin ruwa, shi ke kai mutane kasuwa. Sauran jama'a gora suke hawa, wani ƙaton duma mai baki a sama, mutum ya zuba kayansa a ciki ya kwanta ruf da ciki a kan bakin, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa. Ni da na saba ganin jirgin hayaƙi, raina abin na yi ƙwarai. A daminar nan ne kurkunu ya fito wa maigidana a ƙafa, ta kumbura suntum, ya kwanta yana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan kullum.

Dab da ruwa zai rufe hanya Yaya ta kai banda kasuwar Auyo. Bayan kwana goma sha wani abu zazzaɓi ya kayar da ita, kwana uku kuma ƙuraje suka feso mata a goshi da hannu. Ita da kanta ta faɗi sunan abin, ta ce agana ce. Al'adar garin, duk wanda agana ta kama akan kai shi wata bukka a kan tudu can cikin fadama, nisan da kira da ƙyar yake kaiwa, kuma akwai wata tsohuwa mai zanzana da ta taɓa yin ciwon ta warke, ita ke jinya don ba ya kama mutum sau biyu. Sai dai a shekarar an riga an ɗauki tsohuwar zuwa Auyo inda abin ya fi tsanani, ruwa kuma ya rufe bayanta. 'Yar Yaya tana aure can Kirikasamma da tsohon ciki. Saura ɗanta, magidanci masunci mai mata da jariri.

Yaya ba ta jira an ɗauke ta ba. Ta sa tabarma da tukunya a gora ta hau da sauran ƙarfinta. Kafin ta tura sai ta juyo ta ce wa ɗanta a gaban kowa, "Ka riƙa ajiye mini abinci a kan kututturen da ke bakin tudun. In ka taka tudun nan da ƙafarka, ban yafe maka nonona ba." Kowa ya san abin da take tsare wa, matarsa da jaririnsa.

Haka ya riƙa yi kullum da safe, ya ajiye ya yi kira ya koma. A kwana na shida ya tarar ƙwaryar jiya ba a taɓa ba. A na bakwai ya tarar da biyu, tururuwa ta cika su. Ya yi kira ba amsa, sai wani nishi daga cikin bukka. Ya zo gidanmu jiƙe sharkaf ya durƙusa gaban kawunsa yana kuka, ƙaton mutum mai gemu, yana cewa tana da rai amma ba ta iya tashi, in ya je ta tsine masa, in bai je ba ta mutu da ƙishirwa a tsakiyar ruwa. Maigidana ya dafa bango zai miƙe, ƙafar ta ƙi, ya zube.

Ni ina gefe ina daka, kuma ban daina ba. Na ji komai, na kuma san inda maganar za ta ƙare, shi ya sa na ƙara wa taɓarya ƙarfi. Ban taɓa yin agana ba, amma na ga aikinta a Lokoja, na ga waɗanda ta binne da waɗanda ta makantar. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Ga shi matar nan ko sunana ba ta taɓa kira ba. A zuci nake ta musu da Almasihu, ina ce masa ka gani dai, ba ni na ce zan zo garin nan ba, na baro ɗakina na baro sana'ata, bai isa ba? Amsa dai ban ji ba. Abin da na gani kawai shi ne wata biyar ina ƙasar nan amma ƙafata ce kaɗai ta iso, ni kaina ina can kwance a Lokoja ina jiran a yaba mini. Na jingine taɓarya na ce wa ɗan Yaya ya samo mini gora.

Maigidana ya ce, "Ban ce ki je ba."

Na ce, "Na sani. Da ka ce, da ban je ba."

Ya kama wuyan hannuna ya yi addu'a, ya ƙi saki. Sai da na ce masa ya sake ni kunu zai huce, don in ya ƙara minti ɗaya ni ma kukan zan fara, in kuwa na fara ba zan tafi ba.

Kafin in kai bakin ruwa labari ya riga ni. Liman ya zo da sandarsa ya ce, "Baiwar Allah, kin san duk wanda ya taka tudun nan ba ya dawowa sai ɓawon ƙarshe ya faɗi?" Na ce na sani. Ya miƙo mini ɗan tulun zuma ya ce Allah ya raka ni, na ce amin.

Sai ga gora. Ɗan Yaya ya zuba mini kaya a ciki, kunu da gari da tsamiya da man shanu, ya ce, "Inna, kwanciya za ki yi, cikinki ya rufe bakin." Na dubi matan garin jere a bakin ruwa, na ce ni da girmana in kwanta ina wutsil-wutsil da ƙafa a gabansu? Ni da na ƙetare Kwara ba sau ɗaya ba? Na ɗaure zane na hau na zauna daram kamar a jirgi. Ban ko gama gyara zama ba goran ya juye, na tafi ƙasa kai farko, na taso da ciyawa a ka ina tofar da ruwa, kunu ya bi fadama. Duk da baƙin cikin da ake ciki sai da mata suka fashe da dariya, har da masu hawaye a ido. Ɗan Yaya ya ce, "Inna, da ma an ce ba a fafe gora ran tafiya." Na ce ya rufe mini baki ya riƙe abin. Matarsa ta ruga gida ta kawo nasu kunun. A karo na biyu na kwanta ruf da ciki kamar kowa, ya hau nasa goran yana tura nawa, muka ratsa cikin shinkafa har kututturen. A nan ya tsaya, ni na taka tudu.

Wari ne ya fara tarbata, sannan ƙudaje. Yaya tana kwance, jikinta duk ya tashi babu masaka tsinke, tabarma ta manne mata a baya, idanunta sun like da mugunya. Tukunyar ruwanta ta bushe ƙaf, ga ruwa kewaye da ita ta ko'ina. Na ɗebo na tace da gefen zane na ɗiga mata a baki kaɗan-kaɗan. Can ta motsa leɓe.

"Wane ne?"

"Ni ce, Yaya."

"'Yar Kwara? Kin taɓa yin agana?"

"Ban taɓa ba."

"To ke mahaukaciya ce? Fita."

Na ce, "Ɗanki ya tafi da goran, kuma ko ya bar shi ban iya ba. Buɗe baki."

Ta buɗe. Na jiƙa tabarmar da ruwan ɗumi har ta saki fatarta, na share ɗaki na shimfiɗa rairayi mai laushi na kwantar da ita a kai, don shi ba ya mannewa. Kullum ina wanke mata ido sau ba adadi, ina shafa mata man shanu a leɓe, ina ba ta zuma da kunu da ɗan ludayi. Na hura wuta da ɗanyen ganye a ƙofa don hayaƙi ya kori sauro, na yanko kaba ina kore mata ƙuda har hannuna ya sage. Ɗanta yana kawo abin da na ce ya ajiye a kututture, in tsaya daga nesa in gaya masa yadda ta kwana. Kwana huɗu na farko ban gaya masa gaskiya duka ba.

Abin da ya fi damunta ba ciwon ba ne, sallolin da suka wuce ta ne tana kwance ba ta san rana ba. Sai na riƙa duba mata inuwar goruba ina gaya mata lokaci, in kawo mata ƙasa mai tsabta a faifai ta yi taimama, in juya ta ta fuskanci gabas. In ta idar ni ma in durƙusa a gefe in yi tawa. Wata rana ta ji ina ambaton ta a ciki, ta ce me nake cewa? Na ce ina roƙa mata lafiya ne cikin sunan Almasihu, in ba ta so in yi a zuci. Ta ce, "Roƙa. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake." Na ce to na gode da aka mai da addu'ata takobi. A ranar na fara jin dariyarta, 'yar ƙarama, tana yi tana cije baki don zafi.

Da idonta ya buɗe, duka biyun kuwa suna gani, sai ta fara magana. Ta ce ran da aka sace ƙanenta tare aka aike su gona, ita ce babba, ita aka ba amanarsa. Ta bar shi ta tafi tsinkar bado da ƙawayenta, ta dawo ta tarar da majajjawarsa a ƙasa. Ta ce, "Shekara talatin ina roƙon Allah ya dawo da shi. Da ya dawo ba ya sallah, na ce wannan ma alhakin a wuyana yake. Na rasa inda zan sauke shi, sai na sauke a kanki." Sai na ce ta juya in shafa mata mai a baya. Ina shafawa ina hawaye, ita ma na san ta ji suna ɗiga.

Ranar da ta kurɓi kunu ta yamutsa fuska ta ce har yanzu ban iya sa tsamiya ba, ranar na fita bakin ruwa na gaya wa ɗanta uwarsa ta tashi. Ya kifa kai a kan gora ya daɗe bai ɗago ba.

Kwana goma sha biyu da zuwana na tashi da ciwon kai kamar ana sara, bayana kuma kamar an karya. Na yi shiru na ci gaba da aiki, amma Yaya ta ga ina dafa bango. Ta taɓa goshina ta ce, "Kwanta." Na ce mata ina jin tsoro, ban so in mutu a nan ba. Ta ce, "Ba ki mutu a Kwara ba sai a ruwan da kika ce ko tukunya ba ya wankewa? Kwanta na ce." Ashe maganar ta kai kunnenta tun ranar da na faɗe ta.

Abin da ya biyo baya kaɗan nake tunawa. Na san rairayin da na shimfiɗa mata shi aka sabunta mini, na san ɗacin bakina, na san hannu mai kaushi yana wanke mini ido. Daga baya aka gaya mini ɓawonta ya gama zuba tun ina kwana na biyar, ɗanta ya zo da gora biyu ya ce ta dawo gida, tsohuwa mai zanzana ta samu hanya za ta karɓe ta. Yaya ta ce tsohuwa ta zauna ta huta. Maigidana kuma da ƙafa ta ɗan saki sai ya riƙa jan jiki ya hau gora kullum da hantsi, ya zo kututture ya yi ta addu'a da ƙarfi don in ji. Ina jin muryarsa sama-sama, ina kuma jin Yaya daga ƙofa tana daka masa tsawa kada ya kuskura ya matso, wai sau ɗaya ta yi sakaci da shi, ba za ta yi na biyu ba.

Na tashi. Lokacin da na iya fitowa ƙofar bukka shinkafa ta fara ja, ruwa ya ja baya har ana iya ratsawa iya gwiwa. Ran da za mu koma na yi wanka na kai hannu fuskata, sai na ji ba tawa ba, duk ramuka tun daga goshi har haɓa. Ban taɓa zama kyakkyawa ta a zo a gani ba, amma fatata sumul take, kuma ina son abata. Na koma cikin bukka na lulluɓe da zane na ce ba inda za ni, maigidana ba zai ga wannan ba.

Yaya ta shigo ta zauna a gabana. Ta jawo hannuna daga cikin zane ta ɗora a kumatunta ta bi da shi har goshi.

"Me kika ji?"

"Ramuka."

"To naki ma haka suke, ba su fi ba, ba su gaza ba. Ni ga ni ina numfashi, kuma kin san dalili. Tashi mu tafi, rana na yi."

Muka ratso fadama a ƙafa, tana gaba ina riƙe da gefen zanenta don jiri. Jama'a sun taru a bakin gari. Ina sunkuyar da kai sai ta fizge lulluɓin gaba ɗaya, ta ce wa matan, "Ku zo ku yi wa ƙanwata sannu." Maigidana yana dogare da sanda, ya dube ni ya dube ta, sai ya kama hannuna a gaban liman da kowa, abin da ba a yi a garin, kuma babu wanda ya ce masa don me.

Yaya ta ƙara damina goma sha ɗaya a duniya. Ba ta bar sallarta ba, ban bar Lahadina ba, kuma duk shekarar da agana ta shigo mu biyu muke ƙetarawa tudu, don tsohuwa ta gaji. Tare muke kai banda kasuwa. Sau da yawa baƙo zai tsaya sayen kifi ya dubi fuskarta ya dubi tawa, ya ce, "Uwa ɗaya ta haife ku?" Ni sai in ci gaba da ƙulla kifi. Ita ke amsawa, ko ɗago kai ba ta yi.

"Ba ka da ido ne?"